Da me kuke gane hanyar komawa bakin tafkin Kanyon a Dahab?

Auwalu_Alƙahira:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a Alƙahira, mutumin Katsina. Bara na koyi nutso da tulun iska a Dahab, can gaɓar Sina'i, a wurin da suke kira Fanar. A hutun da ya wuce kuma na karɓi katin shaidar nutso na biyu, wanda ya ba ni damar sauka har mita 30. In Allah ya kai mu hutun tsakiyar shekarar karatu, ni da wani abokina ɗan Maraɗi muna so mu koma mu shiga Kanyon, wani rami mai zurfi da ke ƙasan teku a can.

Ga abin da ke damuna. Nutso daga gaɓa ba irin na jirgi ba ne, babu mai zuwa ya ɗauke ka a inda ka ɓullo. Inda ka shiga, nan za ka fito. To ni da mun ɗan yi nisa, duk duwatsun murjanin da ke ƙarƙashin ruwa sai su zama iri ɗaya a idona, jagora kawai nake bi. An ce mini a Kanyon ta wata 'yar ƙofa ake fita daga tafki zuwa teku, kuma dole ta nan za a dawo. Don Allah waɗanda suka san wurin, da me kuke gane ƙofar nan in kun dawo? Me ake tararwa a hanya, kuma wane kifi ne ya kamata mutum ya yi nesa da shi?

Nura_Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ka sayi kamfas mai kyau, magana ta ƙare. Ka ɗauki lamba a bakin ƙofa lokacin fita, in za ka dawo ka ƙara 180 ko ka rage 180. Ka riƙe shi a kwance, kada ka karkata shi, in ba haka ba allurar za ta maƙale. Kuma ai da jagora za ku shiga, da ɗan gari akan ci gari.

Malam Sani Isma'iliyya:

Wa alaikumus salam, ƙanena Auwalu. Tambayar nan ta yi mini daɗi, domin galibin masu zuwa Kanyon ramin ne a ransu, ba su tuna da ƙofar tafki sai iska ta fara ja da baya a tulu. Na yi karatun kimiyyar teku a Isma'iliyya, kuma gaɓar Dahab ce inda na fi shiga ruwa, don haka bari in faɗa maka yadda nake yi.

Maganar Injiniya Nura gaskiya ce, amma rabinta ya faɗa. Ƙara 180 yana aiki ne in a miƙe ka tafi, a miƙe za ka dawo. Tafiyar Kanyon kuwa ba miƙaƙƙiya ba ce. Ka fita ƙofa, ka karya hagu, ka gangara, ka shiga rami, ka juya a ciki, ka fito. Lambar da ka ɗauka da fari ba za ta mayar da kai ƙofa daga bakin rami ba. Abin da nake so daga kamfas a wannan wurin abu ɗaya ne: ya nuna mini yamma. Gaɓar Dahab gabas take kallo. Duwatsun da kake hangowa a ƙetaren ruwa na Saudiyya ne, na Sina'i kuwa suna bayanka. To ko'ina ka sami kanka a ƙarƙashin ruwa, yamma ita ce gida. Ƙasar ma tana gaya maka haka, don inda ta yi tudu nan ne wajen gaɓa, inda ta gangara ta yi shuɗi mai duhu nan ne tsakiyar mashigin Aƙaba, wanda zurfinsa ya wuce mita 1,800 a wani wurin. Rana ma shaida ce. Da safe haskenta daga wajen teku yake shigowa, bayan azahar daga wajen gaɓa.

Yanzu ga tsarin wurin. Kanyon yana arewa da gari, a kan hanyar Bulu Hol, wani wurin nutso mai ƙaton rami zagayayye a bakin teku. A a-kori-kura ake ɗora kaya a kai ku, a shimfiɗa tabarma a bakin ruwa kusa da rumfunan shayin Badawiyawa, a nan za ku harhaɗa kaya. Kafin ka sa riga, ka tsaya a tudu ka kalli ruwan da kyau. Za ka ga dandamalin murjani mai launin ƙasa-ƙasa wanda ruwa bai rufe shi sosai ba, a tsakiyarsa kuma ga wani wuri mai haske, kore-kore. Shi ne tafkin. Ƙasansa rairayi ne, zurfinsa wajen mita 3. A can ƙarshensa ta wajen teku dandamalin ya ɗan faɗa, ya bar hanya. Ita ce ƙofar da aka gaya maka. Ka duba kuma ko igiyar ruwa tana karyewa fari fat a kan dandamalin, zan dawo kan wannan.

Da takalmin roba za ka taka zuwa tafkin, takalman iyo a hannu, sai ruwa ya kai maka ƙirji ka sa su. Ku nutse a tafkin, ku gyara nauyi a nan, ku nufi ƙofa.

To a nan ne aikin yake. Da ka fita ƙofa da kamar tsawon mutum uku, ka tsaya, ka juyo gaba ɗaya ka fuskanci inda ka fito. Kada ka yi waiwayen wuya kawai, ka juya jikinka. Dalili shi ne, ƙofar da ka gani daga ciki ba ita za ka gani daga waje ba. Daga ciki fili ce mai shuɗi a tsakanin bango biyu. Daga waje kuwa ɗan lotsawa ce kawai a jikin bangon murjani, kuma akwai irin wannan lotsawar da yawa a jikin bangon waɗanda ba sa kai ka ko'ina. Duk wanda ya taɓa shiga daji neman itace ya san haka: kukar da ka wuce da safe, in ba ka juyo ka kalle ta ba, da yamma ba za ka shaida ta ba. Ka ba wurin rabin minti. Ka nemi abu ɗaya da ya fita daban, dunƙulen murjani da ke tsaye shi kaɗai a kan rairayi, ko mai faɗin kai, ko mai tsaguwa a tsakiya. Sannan ka dubi kwamfutar nutso da ke hannunka, mai nuna zurfi da lokaci, ka riƙe zurfin gindinsa. Wannan lambar ta fi siffar muhimmanci. In alamarka tana mita 6 ka dawo a mita 12, za ka wuce ta ƙarƙashinta ba ka sani ba. Launi kuma kada ka dogara da shi, ja shi ne farkon ɓacewa a ruwa, tun daga 'yan mitocin farko yake komawa toka-toka. Ka nuna wa abokinka alamar, shi ma ya zaɓi tasa.

Daga nan sai ku karya hagu, wato arewa, bangon murjani yana kafaɗarku ta hagu. Ka riƙe wannan: tafiya bango a hagu, dawowa bango a dama. In ka ga kana dawowa bango yana hagunka, to nisa kake ƙarawa. Ka duba agogo lokacin barin ƙofa. A natse, tsakanin minti 5 zuwa 10 za ku isa kan ramin, kuna gangarawa a hankali a kan fili mai rairayi da dunƙule-dunƙulen murjani.

Ramin kansa tsaguwa ce a ƙasa, ba ya nuna kansa daga nesa. In akwai waɗanda suka riga ku shiga, za ka fara ganin ƙananan kumfa suna tsattsafowa daga cikin ƙasa a jere. Numfashin mutanen da ke ciki ne yake ratsa dutsen ta ƙananan ƙofofi yana fitowa. Ni har yau in na gan shi sai na dakata na kalla. Babban bakin yana wajen mita 20, ƙasan ramin kuma wajen mita 30, daidai iyakar katinka. Ana sauka ɗaya bayan ɗaya. In ka isa ƙasa ka ɗaga kai, za ka ga tsaguwar ta zama siririn haske a sama, bangayen biyu sun kusa haɗuwa. Daga nan ramin ya rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya yana hawa zuwa wani ɗaki zagayayye mai cike da ƙananan kifaye masu jiki garau, amma jagorori sun daina bi da mutane ta can saboda dutsen ya yi rauni. Ɗaya ɓangaren yana gangarawa ya fita a jikin bango a ƙasa da mita 50. Wannan ba naka ba ne, na masu nutson fasaha ne da ke ɗaukar tulu biyu da haɗin iska na musamman. Gangaren yana da sauƙin bi, ruwan garau ne, shi ya sa mutum zai iya ƙara mita 5 bai ji ba. Idonka ya zauna a kan lamba. Ta inda kuka shiga, ta nan za ku fito.

A mita 30 iskar da kake zuƙa ta ninka ta saman ruwa sau 4, kuma jadawalin da aka koya muku minti 20 ya ba ka a wannan zurfin. Ni ba na kai rabin haka a ciki. Da bar 200 muke shiga (bar shi ne ma'aunin iskar da ke cikin tulu), ina so in bar ramin da abin da bai gaza 120 ba, in isa ƙofa da 70 ko fiye.

Ga dalilin wannan rowar. Iskar arewa ce ke kaɗawa a Dahab galibin shekara. In ta yi ƙarfi, igiyar ruwa tana haurawa kan dandamalin murjani, ruwan ya taru a tafki, kuma ba shi da mafita sai ta ƙofar nan. Sai ya zama lokacin fita ruwan yana tura ka waje kana jin daɗi, lokacin dawowa kuwa yana tare ka a ƙirji, ga gajiya, ga tulu ya yi sauƙi yana ɗaga ka. Abin yi shi ne ka fitar da iskar rigarka ta hurawa, wadda ke ɗaga ka a ruwa, ka kwanta kusa da ƙasa inda ƙarfin ruwan ya ragu, ka yi ta bugun ƙafa a jere ba tare da tsayawa ba. 'Yan mitoci ne kawai, da ka shiga tafki shi ke nan. Kada ka taso sama a bakin ƙofa, can ne ruwan ya fi ƙarfi. Kuma kada ka ce za ka haura dandamalin ta wani wuri don ka rasa ƙofa. Igiya za ta buga ka a kan murjani, kai ka ji ciwo, murjanin da ya yi shekaru yana girma ya karye. In jagora ya kalli ruwa da safe ya ce yau ba Kanyon, kada ku yi masa gardama don kun biya kuɗin mota daga Alƙahira. Fanar tana cikin lungu, ana shigarta ko da iska.

A dawowa, da ka fito rami ka nufi yamma ka hau zuwa mita 10, bango a dama, ka ci gaba da hawa sannu a hankali har ka daidaita da zurfin alamarka tun kafin ka iso ta. Tsayuwar minti 3 a mita 5 ma a nan nake yin ta, a gefen ƙofa, ina kallon alamata. In lokacin da ka ɗauka a tafiya ya cika har ya ɗan wuce ba ka ga komai ba, ka tsaya. Ku haɗu da abokinka, ku hau a hankali nesa da bango, ku hura riga, ku dubi rumfunan gaɓa ku gane inda kuke, sannan ku sake nutsewa kaɗan ku nufi ƙofa. Babu abin kunya a ciki, iya ruwa fidda kai.

Kifaye kuma, wasunsu alamun hanya ne. Akwai ƙananan nan masu ruwan lemo da ke taruwa dubbai a kan murjani. Duk inda suka fuskanta, daga can ruwa yake zuwa, don abincin da yake kawowa suke tara. In ka ga sun matse jikin dutse suna ta kaɗa wutsiya, ruwan da ƙarfi. Akwai kuma kifin nan mai ruwan ɗorawa da zane fari biyu, wanda ke zaune cikin wata halitta mai laushi mai yatsu da yawa. Shi ba ya barin gidansa, in ka matso ma fitowa yake ya tare ka duk da ƙanƙantarsa. In ka sami gidansa kusa da ƙofa, ka sami alamar da za ka tarar ko baɗi. Amma kunkurun teku, ko faffaɗan kifin nan mai ɗigon shuɗi da ke kwanciya a rairayi, waɗannan 'yan yawo ne, ka kalle su ka wuce. A cikin tafkin ma kada ka yi sauri. In ka ga tarin ɓawon ƙumba a bakin wani ɗan rami, ka dakata ka zuba ido, sau da yawa akhɗabuɗ ne a ciki, mai hannu takwas ɗin nan, ya saje da dutse sai idonsa kawai.

Dakta Hadiza:

Sannu da ƙoƙari Malam Sani, Allah ya ƙara sani. Auwalu, bari in ƙara maka ta ɓangarenmu na asibiti, tunda ka tambayi abin da za ka guje wa.

Wanda ya fi haɗari ba a zurfi yake ba, a inda kake takawa yake. Kifin dutse yana kwanciya a ruwa marar zurfi, ba ka bambanta shi da dutse, ƙayoyin bayansa kuma dafi ne mai tsanani. Ka bi inda mutane ke bi, ka sa takalmi mai kaurin tafi, kada ka dafa komai da hannu. Kifin zaki mai baza fukafukai yana laɓewa a ƙarƙashin duwatsu da bakin rami, ba ya kawo hari, amma kada ka kai hannu inda idonka bai gani ba. In ɗayansu ya soki mutum, a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, wajen digiri 45, na rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, a kuma tafi asibiti ko da zafin ya lafa. Murjanin wuta, mai ruwan ɗorawa da farin baki, shi ƙuna yake yi. A wanke da ruwan teku, a zuba khal (wato vinegar), kada a goge, kada a sa ruwan famfo. Bushiyar teku mai dogayen baƙaƙen ƙayoyi ita ma tana cikin ramukan dandamalin.

Abu na biyu, na san ɗalibanmu. Duk wanda ya je Dahab yana so ya hau Dutsen Musa a tafiya ɗaya. Garin Sant Katrin yana sama da mita 1,500, ƙololuwar dutsen kuma mita 2,285. Hawa can bayan nutso daidai yake da shiga jirgin sama: naitirojin da ya rage a jiki zai iya zama kumfa a jini da gaɓoɓi. Bayan nutso fiye da ɗaya a jira aƙalla awa 18, ni na fi son 24. Mafi sauƙi ku fara hawa dutsen, ku huta, sannan ku shiga ruwa. Ku sha ruwa sosai, kuma in mura ta toshe maka hanci, ka haƙura da nutso ranar.

Auwalu_Alƙahira:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Dakta, dama mun shirya hawa dutsen a rana ta ƙarshe, yanzu za mu mayar da shi farko. Malam, abokina yana tambaya, in mun gama da Kanyon, wannan dabarar ta juyowa a kalli ƙofa za ta yi aiki a Bulu Hol?

Malam Sani Isma'iliyya:

Ba za ta yi ba, Auwalu, don can ba ta inda ka shiga kake fita ba. Hanyar da masu kati irin naku ke bi tana farawa ne daga Bels. Za ku ɗauki kaya a baya ku bi wata 'yar hanya arewa da Bulu Hol. A jikin dutsen da ke gefen hanyar akwai allunan tunawa da waɗanda suka rasu a wurin. Ka tsaya ka karanta, ka dubi shekarunsu, da yawansu matasa ne.

Bels tsaguwa ce siririya a bakin gaɓa, mutum ɗaya take ɗauka. Ana sauka ta cikinta a fita wajen mita 26, sai ka tsinci kanka a jikin bango miƙaƙƙe wanda ba ka ganin ƙasansa. A nan babu rairayin da zai tare ka in ka yi nauyi, don haka sai wanda ya iya tsayar da kansa a ruwa ba ya sama ba ya ƙasa. Ku karya dama, wato kudu, bango a kafaɗar dama, kuna hawa sannu a hankali. Mashigar Bulu Hol ta wajen teku wani lanƙwasasshen wuri ne a bakin ramin, wajen mita 6 zuwa 7, cike da murjani da ƙananan kifayen nan masu ruwan lemo. Tunda ba ka taɓa ganinsa daga waje ba, zurfi ne kaɗai zai kai ka. In kana mita 15 lokacin da kuka iso, wuce shi za ka yi. Da kun haye, ku bi gefen ramin har wurin fita, kada ku ratsa ta tsakiya, zurfinsa ya kai mita 100 kuma masu nutso da numfashi ɗaya suna da igiyoyinsu a can.

Akwai wata ƙofa a ƙasa da ta haɗa ramin da teku, rufinta yana wajen mita 55, tsawonta kimanin mita 26. Iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya mita 40 ce, taku kuma 30. A irin wancan zurfin, da iska ta yau da kullum, maye ke kama mutum, ya ga ƙofar kusa alhali da nisa, ko ya wuce ta yana ta gangarawa. Yawancin allunan can dalilinsu ke nan. Duk wanda ya ce zai kai ku da tulu ɗaya, ku rabu da shi, ku koma shago mai lasisin CDWS, hukumar da ke kula da shagunan nutso a Masar.

Tunda a Janairu ko Fabrairu za ku zo, ruwan zai kasance wajen digiri 21 zuwa 22. Ku karɓi rigar roba ta kare sanyi mai kaurin milimita 5, da hula in akwai. Riga mai kauri tana ƙara ɗaga mutum, don haka darmar ƙarin nauyi da ka ɗaura lokacin zafi ba za ta ishe ka ba. Rana ta farko ku yi ta a Fanar ku gwada nauyi da tulun da ya kusa ƙarewa, ka kuma roƙi jagora ya bar ka a gaba a hanyar dawowa, shi yana biye. In ka kawo su bakin gaɓa da kanka, washegari sai Kanyon, Bels kuma a bar shi sai rana ta uku.